Da kunne ake suyar gahawa

Kafin in tafi Sudan karatu, iyakar sanina da gahawa shi ne ɗan cokalin Nescafé da mai shayin bakin layinmu ke barbaɗawa a kofi idan jarrabawa ta matso. Ban taɓa ganin ƙwayarta ba. Ranar da na fara ganinta ma ban gane ta ba, don ɗanyar ba baƙa ba ce. Kore-kore ce mai ɗan toka-toka, ga tauri kamar tsakuwa, in ka sunsuna kuma warin ɗanyar ciyawa za ka ji.

A Gadarif na gan ta. Ina aji biyu a karatun haɗa magunguna a Kartum, hutu ya zo ba ni da kuɗin jirgin gida, sai wani abokin karatuna ya ce in bi shi garinsu. Hausawa ne. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Sakkwato za su hajji a ƙafa, suka yada zango a can, zango ya zama gida. Gadarif garin riɗi da dawa ne, kuma ba nisa da iyakar Habasha ta Gallabat, shi ya sa ɗanyar gahawa, wadda suke kira bun, ba ta wuya a kasuwa. Mahaifiyarsa, da kowa ke ce wa Goggo, ita ke suya kullum bayan la'asar, a tsakar gida, da kurfotin gawayi da wani ɗan kasko mai dogon mariƙi.

Kwana uku ina kallo, na huɗu na ce a ba ni. Ta yi dariya, ta ce ai a gabas, wajen Kassala, mazan ƙabilar Beja da kansu suke suyar tasu, don haka ba abin kunya ba ne, ta miƙo mini kaskon. Na cika shi, na ɗora a kan jan garwashi, ina duba agogo. Bayan ƙwayar ya ƙone, cikinta ɗanye. Washegari na rage yawa, na rage wuta, na yi ta kaɗawa yadda na ga tana yi, na zuba ido har launin ya yi mini daidai sannan na sauke, na ajiye kaskon gefe ina jiran yabo. Kafin a ɗauko turmi ta koma gawayi.

"Ɗan nan," in ji Goggo, "wadda ta yi maka daidai a kan wuta, a ƙasa za ta ƙone. Kai da ido kake suya. Ka saurara mana."

Ashe magana take yi, ita ƙwayar. Da farko tana yin ɗorawa-ɗorawa, wani ɗan ƙaiƙayi ya riƙa tashi daga jikinta. Can sai ka ji ƙas, ƙas, kamar gugguru ya fara fashewa. Sai shiru na ɗan lokaci. In ka ci gaba, wata ƙara ta biyu za ta biyo, siririya, kamar an watsa gishiri a wuta, daga nan mai ya fara tsattsafowa a bayanta. Duk aikin yana tsakanin ƙararrakin nan biyu ne, kuma 'yan mintoci ne kawai. Da ka sauke, juye ta za ka yi nan take a faifai, ka baza, ka sa mafici, don zafin da ta haɗiya bai daina dafa ta ba.

Da na koma Kartum na bincika. Ƙarar farko tana zuwa ne wajen digiri 196 a ma'aunin Salshiyas, lokacin da ruwan cikin ƙwayar ya zama tururi ya tsaga ta, ta biyun kuma wajen 224. Ƙwayar tana kumbura amma tana rage nauyi, tsakanin kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari. Na ji daɗin samun lissafin, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne na gane laifin nan tsohon laifina ne. Akwai gwajin da muke yi a ɗakin gwaji, ana ɗiga wani sinadari cikin wani, ɗigo-ɗigo, har ruwan ya juya ruwan hoda. Ƙa'ida ita ce ka tsaya da zarar launin ya ɗan bayyana bai koma ba. Ni kuwa sai na ga ya yi jawur hankalina ke kwanciya, kuma kullum sakamakona sai ya zarce. Malami ya faɗa har ya gaji. Sai da na ƙona wa tsohuwa gahawarta sau biyu a gaban baƙi abin ya shiga kaina.

Sauran aikin bai ba ni wuya ba. Kafin daka takan zagaya da kaskon yana hayaƙi, kowa ya jawo ƙanshin da hannu. A daka da zafinta a ƙaramin turmi tare da busasshiyar citta, a tafasa, a juye cikin jabana, wata 'yar butar ƙasa mai dogon wuya da ake toshe bakinta da zaren dabino don ya tace gari. A zuba a finjali, ga turaren wuta, ga dabino.

Ba a komai na bi ta ba. Goggo sai mai ya fito take saukewa, ta zuba citta da sukari ba tausayi. Ni yanzu jim kaɗan bayan ƙarar farko nake saukewa, don a nan ake jin ɗan tsami-tsamin 'ya'yan itace da gahawar Habasha ta yi suna a kai. Kuma nakan bar soyayyar ta huta kwana biyu zuwa uku a kwalba, iskar da ke cikinta ta fita. Da na gaya mata haka cewa ta yi gahawar da ta kwana ai ta mutu. A kan daka kam gaskiyarta: garin da ya wuni a buɗe ba ya da sauran ƙanshi, don haka iya abin da zan sha nake dakawa.

Yanzu a Kano nake, ɗanyar kuma daga Mambila ta jihar Taraba ake aiko mini. Uwargida ta kore ni da kaskona zuwa bayan ɗaki saboda hayaƙi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 gidan Goggo ya cika da 'yan'uwan da suka gudo daga Kartum, daga baya kuma daga Madani. Abokina ya ce har yanzu tana suya bayan la'asar, sai dai tafin hannu guda ne ke zagaya finjalan da suka ninka na da. A saƙon muryar da ya turo mini kwanan baya na jiyo ta daga gefe tana cewa a tambaye ni ko har yanzu ina ƙonawa.