Kafin ka buga hatimi a takardun yaran IT

Ranar Asabar na biya ofishin ɗan yayata a Mabera, ɗaki guda ne ya kama shi da abokinsa suna haɗa manhajar lissafin kaya ta masu kemis. Na iske ya baje takardu bisa tebur yana ta buga hatimi yana sa hannu, na ce mi ke nan, ya ce Kawu takardun yaran IT ne, tara zan ɗauka bana. Na waiga na ƙirga kujerun ɗakin, huɗu ne har da wadda nike zaune a kai. Na ce ina za ka aje su, ya ce ai kowa zai taho da laftof nashi, kuma Kawu ka san ba albashi ake ba su ba, aiki zai rage muna. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganar nan sak ita ta fito bakina shekarun baya. Ban ce mashi komi ba gaban abokinsa amma tun ranar abin ke cina, kuma na san ba shi kaɗai ba ne cikin yaranmu masu buɗe ƙananan kamfanoni.

Abin da yara ke ce ma IT shi ne SIWES, shirin da ITF, hukumar horar da ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ta fara tun 1973 don ɗalibi ya fita daga aji ya ga aiki da idonsa kafin ya ƙare karatu. 'Yan jami'a yawanci wata shidda, 'yan poli wata huɗu, kowa da logbuk da zai rubuta abin da ya yi kullum, mai wurin aiki ya sa hannu duk sati. Nan Sakkwato in lokacin ya yi za ka gan su da fayil a hammata, 'yan Ɗanfodiyo, 'yan jami'ar jiha, 'yan poli ta Umaru Ali Shinkafi, suna bin ofisoshi cikin rana, kuma wuraren da ake rubuta manhaja da gaske a garin nan ba su da yawa, don haka duk wanda ya kafa allo a ƙofa takardu sai sun yi mashi yawa.

Ni bakwai na ɗauka, shekara ta biyu da buɗe kamfani, mu ukku ne ma'aikata cikin ɗaki biyu. Ukku na alfarma ne, ɗan maƙwabci, jikan abokin babana, da ɗiyar wani da ke ba mu aiki. Sauran huɗun takarda kawai sunka miƙo na amsa, ko tambaya guda ban yi masu ba. Lissafina hannu bakwai kyauta, ban taɓa tsayawa na ce wa zai koya masu ba, kuma da wane lokaci. Ranar farko na tara su na yi masu surutu na awa guda kan PHP da MySQL, kayan da muke haɗa manhaja da su, daga nan na juya kan kwamfutata, shi ke nan koyarwar da sunka samu gare ni har kusan wata biyu. Abin da ya rage shi ne ɗauki jarka ka sawo man janareta, je ka yo fotokwafi, sawo muna fura. Ran Jumma'a su jera logbuk bisa tebur in bi in sa hannu ko buɗe shafin kirki ba ni yi, daga baya na ga wani ya cika nashi da ayyukan da ba mu taɓa yi ba a ofishin, kuma ga sa hannuna a ƙasa ina shaidar ƙarya.

Amma a yi mani adalci, lokacin ni ne mai rubuta kod, ni ne mai bin bashi, ni ne mai lallashin kwastoma, ga wuta sai ta ga dama, ga zafin Afrilu wanda laftof ke mutuwa da kanta tsakar rana. Mutumin da bai san inda albashin ƙarshen wata zai fito ba ina ya ga natsuwar zama ya koyar? Kuma ni ma haka anka yi mani a nawa IT, wata shidda ina ɗaukar fayil daga wanga tebur zuwa wancan, ban mutu ba. Haka nike faɗa ma kaina lokacin. To amma ai ni na san zafin abin, na san yadda nike komawa gida ina jin an ɓata mani wata shidda, kuma na tashi na yi ma ɗiyan wasu.

Abin da ya fashe, muna riƙe da manhajar sakamakon jarrabawa ta wata makarantar kuɗi, saura kwana biyu a ba da hutu sunka kira an shigar da ɗalibi guda sau biyu. Ina sauri zan fita, sai na rubuta fasuwod na databes ɗin makarantar, wato ma'ajiyar bayanansu, na gaske wanda ake aiki da shi, a guntun takarda na miƙa ma yaron da ya fi sauran zuwa da wuri, na ce goge guda. Ya rubuta DELETE, umarnin gogewa, bai sa WHERE ba, wanda ke nuna wane za a goge. Wanda ya san aikin ya san mi ke nan, makin zangon gaba ɗaya ya tafi, kuma bakof, wato kwafin ajiya, na ƙarshe da na yi ya kai sati ukku. Da na dawo na yi mashi tas gaban kowa, har masu shagon kusa sunka leƙo. Yana tsaye ya cire hula ya riƙe da hannu biyu, leɓensa na rawa, abin da ya iya cewa kawai Oga ban san haka take yi ba. Kwana biyu munka yi muna sake shigar da maki daga takardun malamai, shi ya fi kowa shigarwa, salla kaɗai ke tada shi. Bayan nan bai sake taɓa kibod a ofishin ba har ya ƙare ya tafi, ni kuma girman kai ya hana in kira shi in ce laifina ne. Har yau wani lokaci nikan ce ai shi ma da ya tambaya. To wa zai tambaya, ni da na fita? Kuma wa ya taɓa nuna mashi?

Wadda ta fi tsaya mani a rai ita ce yarinyar, ɗiyar mai ba mu aikin nan. Rasit na sa ta rubutawa da amsa waya, don a raina na riga na yanke cewa aure za ta yi ta aje abin. Satinta na ƙarshe ta matso da laftof ta ce Oga duba wani abu. Ashe matsalar da ta dame mu wata da watanni, in ɗalibai biyu sunka yi kunnen doki a maki sai manhaja ta ba su matsayi daban, ita ta zauna tana karanta kod ɗina a ɓoye har ta gyara. Layi biyar ne. Wata shidda tana gefena ban sani ba.

Na zauna da niyyar jera shawarwari da yawa, yanzu na ga ba su da yawan. Kar ka ɗauki wanda ba za ka iya zama kusa da shi rabin awa kullum ba, in ku biyu ne a kamfani to yara biyu sun ishe ku. Kafin ka amshi takarda ba shi ɗan aiki ya yi, ka ce ya yi maka bayanin abin da ya rubuta da bakinsa, nan take za ka gane. Kar ka ɗauki na alfarma. Ko da yake na san garinmu, in dattijo ya aiko yaro da takarda ba ka da bakin cewa a'a, ni kaina gobe in an aiko zan amsa, kuma ita yarinyar nan ai ta alfarma ce. To amshi, amma ya shiga cikin biyun, ba ƙari ba. Ranar farko koya mashi Git, manhajar da ke aje tarihin duk canjin da anka yi ma kod, yi mashi databes na gwaji wanda in ya ga dama ya goge sau goma, na kwastoma kuwa ko ɗanka ne kar ya ga fasuwod. Ka bar shi ya yi ɓarna, ta nan ake koyo, kawai dai ba bisa kayan mutane ba. Kuma ka ba su kuɗin kabu-kabu, tun da anka cire tallafin mai a 2023 yaro ya taho daga Dundaye zuwa cikin gari kullum da aljihunsa ba ƙaramin abu ba ne.

Ku ma kuma yaran yanzu kuna da naku, kar ku ga ina zargin kaina ku ɗauka na wanke ku. Mutum ya taho ƙarfe sha ɗaya, ya zauna ya duƙa kan TikTok, ka ba shi aiki ya kwaso daga ChatGPT ya liƙa ko karantawa bai yi ba, ka ce wanga layi mi yake yi ya tsaya kallonka. Wani ma ranar farko tambayarsa ita ce Oga ko za a sa mani hannu in riƙa leƙowa ƙarshen wata. Irinku ke sa mutum ya ji gara ya rufe ƙofa ya huta. In ba a koya maka ba ka dami mutum da tambaya mana, ka ja kujera ka zauna bayansa, yarinyar can wa ya koya mata?

Daren jiya na kira ɗan yayar tawa na ce ya mayar da bakwai tun yaran na da lokacin neman wani wuri. Ya yi shiru, sannan ya ce Kawu biyar sun riga sun kai takardunsu makaranta. Na ce to ya taho gida bayan isha'i da laftof nashi, mu fara haɗa masu databes na gwaji, kujeru biyu kuma zan ba shi daga ofishina.