Ɗalibi ne kai ko malami? Shawara ga mai shirin koyarwa a jami'ar Amurka

Ƙanena, idan jami'a a Amurka ta ba ka gurbin digiri na biyu ko na uku haɗe da aikin taimaka wa farfesa a aji, kada ka auna shi da ma'aunin gida. A jami'o'in Najeriya wanda aka ɗauka a matakin farko na koyarwa cikakken ma'aikaci ne, yana iya shiga ASUU, karatun ƙari ne a kan aikin. A can karatun ne ya jawo aikin, duk ranar da karatun ya faɗi aikin zai bi shi.

Su kansu Amurkawa sun daɗe suna kai-komo a kan maganar. Hukumar ƙwadago ta NLRB ta ce a 2000, a shari'ar Jami'ar New York, irin waɗannan ɗalibai ma'aikata ne. A 2004, a shari'ar Jami'ar Brown, ta ce a'a, ɗalibai ne. A 2016, a ta Columbia, ta koma kan bakanta na farko. Wannan ma jami'o'i masu zaman kansu kaɗai ya shafa, na gwamnati kowace jiha da dokarta. Don haka tun kana gida ka bincika ko akwai ƙungiyar ɗalibai masu koyarwa a inda za ka, da abin da yarjejeniyarsu ta ƙunsa.

Inda aka fi yin asara shi ne lissafin lokaci. Bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 ta yarje maka ka yi aiki a mako lokacin zangon karatu. To ɗauka an ba ka aji biyu, kowanne mutum 25. Takardu 50 ke nan da za ka duba a mako, in kowace ta ci minti 15, awa goma sha biyu da rabi sun tafi. Ƙara awa biyu na tsayuwa gaban allo, biyu na zaman ofis don masu tambaya, uku na sauraren laccar farfesa, ɗaya na taro. Ka riga ka haura ashirin, ba ka ko fara shirya darasi ba. Sabon shiga, saboda kunya da son a yaba masa, sai ya yi shiru ya riƙa gutsurar lokacin nasa karatun. Yawancin jami'o'i kuwa suna so matsakaicin makinka kada ya gaza 3.0 cikin 4.0. In ya gaza sai gargaɗi, daga nan aikin da yafewar kuɗin makaranta su shiga haɗari, kuma da su ne ka nuna za ka iya riƙe kanka aka ba ka biza.

Maganinsa mai sauƙi ne amma sai da naci. Kafin ka taɓa takarda ta farko, ku tsayar da ma'aunin ba da maki kai da farfesa. Ka duba tambaya ɗaya a dukkan takardun kafin ka wuce ta gaba, ya fi sauri kuma ya fi adalci. Ka riƙa rubuta awanninka kullum, in sun wuce ƙa'ida ka kai masa lissafin a mako na uku ko na huɗu. Kuka a ƙarshen zango ba ya dawo da komai.

Takardar tayin ma ka karanta ta da kyau: alawus ɗin na wata tara ne ko goma sha biyu, wa zai biya inshorar lafiya, waɗanne ƙananan kuɗaɗe ne yafewar ba ta shafa ba. Biyan farko kan jinkirta, ka tafi da guzuri.

A gaban 'yan ajinka kuwa malami ne kai, da duk nauyinsa. Dokar FERPA ta 1974 ta kare sirrin makin ɗalibi, kada ka liƙa sakamako da sunaye, kada ka tara takardun da ka duba a bakin ofis kowa ya tona, ko mahaifi ne ya bugo waya ka tura shi ga hukumar makaranta. Wanda ya zo roƙon a canza masa maki, ka sa ya rubuto ta imel, ka miƙa wa farfesan da darasin yake hannunsa.