Kafin a Yi wa Makaranta Fenti, a Saurari Karatun Yaran

Makarantun gwamnati da ke zangunan Kumasi a ƙasar Gana, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, suna da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SMC. Ana zama, ana tattauna katanga, bayan gida, kujeru da rufin da ke yoyo. Duk matsaloli ne na gaske. Amma a tambayi 'yan kwamitin, cikin yaran aji uku nawa ne za su karanta layi huɗu ba tare da an ja musu baki ba, sai a yi tsit. Babban darasin da aikin kula da makarantu ya koya mana daga wannan shirun ya fito: iyaye suna gyara abin da ido ke gani, shi kuwa rashin iya karatu ba a hango shi daga bakin ƙofa.

Lokacin da aka gwada karatun yaran aji biyu a faɗin Gana a 2013, aka sake a 2015, waɗanda suka iya karatu a sarari tare da fahimta ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Yaron zango kuma yana da ƙarin kaya a kansa. Hausa ba ta cikin harsunan gida 11 da gwamnati ta tanada wa littattafan koyarwa, don haka a gida Hausa, a makarantar allo Larabci, a boko Tuwi da Turanci. Irin wannan yaro yakan haddace abin da ke kan allo tsaf, ya rera tare da 'yan aji, a ɗauka ya iya. Sai ya kai ƙofar jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, asiri ya tonu, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gwajin da ya fi amfani shi ne mai sauƙin nan da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa. Takarda ɗaya ce mai matakai: haruffa 10, kalmomi 10, gajeren sakin layi mai jimla 4, sai labari na matakin aji biyu. Ana gwada yaro shi kaɗai. A fara da sakin layin. In ya karanta da kuskure bai fi 3 ba, a hau da shi zuwa labari. In ya kasa, a sauko kan kalmomi, ya zaɓi 5 ya karanta, a nemi 4 daidai. In nan ma ya kasa, a koma haruffa. A rubuta matakin da ya fi nisa da ya kai, shi ke nan. Lissafi ma haka: lambobi 1 zuwa 9, 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro, sannan rabawa. Idan kowane yaro ya ci minti 6, aji mai yara 60 zai ci awa 6, wato safiya ɗaya ga mutum uku.

A nan ne abubuwa suka fi lalacewa. Kada malamin aji ya gwada ajinsa, ba don rashin amana ba, sai don bakinsa zai motsa da harafin farko ko bai so ba. A yi musanyar malamai, ko a horar da matasan unguwa da suka gama sakandare. Takarda iri ɗaya ba ta isa, domin kafin yaro na goma ya shigo waɗanda suka fita sun karanta masa labarin a bakin taga, don haka a tanadi iri 3 ko 4. Waɗanda ba su zo ranar gwaji ba galibi su ne mafi rauni, masu talla ko raino, kuma in aka bar su sakamakon zai yi kyan ƙarya. A bi su gida cikin mako. Umarnin gwajin kuma a ba da shi da Hausa, don kada a auna tsoron Turanci a ce karatu aka auna.

Sai kai sakamako gaban jama'a. Tsarin hukumar ilimi ya riga ya tanadi taron duba ƙwazon makaranta, wato SPAM, da kuma tsarin inganta makaranta, SPIP, wanda a kansa ake kashe kuɗin tallafin kowane ɗalibi da aka fara bayarwa a faɗin ƙasa a 2005. Ba sai an ƙirƙiro sabon taro ba. Abin da ke kashe shi lokaci ne da harshe. Ƙarfe goma na safiyar Talata uwar yaro tana kasuwar Kejetia, uban yana tasha ko gareji. Lahadi ranar aure da suna ce. Bayan la'asar ranar Asabar ya fi kama jama'a, kuma sanarwar liman bayan Juma'a, da bakin sarkin zango da magajiya, sun fi takardar da aka ba yaro, wadda takan ƙare a ƙunshin ƙosai. A taron kada a kira sunan yaro ko ɗaya. A zana da'ira 60 a allo, a cike na waɗanda suka kai labari, a bar sauran fayau. Inda aka ambaci suna, da daddare bulala ce, kuma gobe yaron ba zai zo ba.

Sanin halin da ake ciki shi kaɗai ba ya gyara komai. Wani bincike a gundumar Jaunpur ta Indiya ya nuna cewa tara mutane a faɗa musu sakamakon 'ya'yansu bai ɗaga karatu ba, sai inda aka horar da 'yan sa kai suka riƙa koyar da yaran. A Gana ma, tsakanin 2010 da 2013, hukumar ilimi da ƙungiyar bincike ta IPA sun gwada shirin TCAI a makarantu 500, inda matasan gari suka riƙa taimaka wa yara masu rauni a ƙananan azuzuwa. An samu ci gaba, amma bai kai yadda aka so ba, saboda sau da yawa darussan ba sa gudana kamar yadda aka tsara. Ke nan kada a tashi daga taro sai kowa ya san aikinsa.

Aikin shi ne awa ɗaya a rana, a raba yaran aji uku zuwa shida bisa matakin karatu, ba bisa aji ba. Rukunin haruffa shi ya fi buƙatar gogaggen malami, amma an saba jefa shi ga ɗan sa kai, wannan kuskure ne. Kayan aiki ba su da tsada: kwali, maka, murafen kwalba don ƙirga. Iyaye biyu su riƙa leƙowa a mako suna sa alama a takarda ko an yi darasin ko ba a yi ba, wannan ya fi gudummawar siminti tasiri. Malamin allo a zauna da shi tun farko a daidaita lokaci, musamman a makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, inda boko da Larabci ke raba yini ɗaya. In aka ɗora darasin a kan lokacinsa ba da saninsa ba, iyaye bayansa za su bi.

Bayan mako 6 zuwa 8 a sake gwaji da sabuwar takarda, wanda ya haye a matsar da shi gaba a ranar. Rukunin da ba a motsa shi yakan zama ajin da yara ke yi wa laƙabi, kuma manya 'yan aji shida su ne farkon guduwa. A kauce wa sa gwaji na biyu a goman ƙarshe na azumi ko makon sallah, domin adadin da za a samu na waɗanda suka zo ne kawai. Allon da'irorin nan na farko a ɗauki hotonsa da waya, a ajiye, a kafa shi gefen sabon a taron zangon karatu na gaba.