Inda na kai a naɗar labarin satar kuɗi da murya

'Yan'uwa masu koyon naɗar littafi da murya, ga inda aikina ya kai. Labarin da na rubuta, wanda nake karantawa a makirfo, na wani ma'aikacin banki ne da ke ɓoye asara a wani asusun da ba mai leƙawa. Babobin farko sun tafi sumul. Yanzu na iso inda mai binciken kuɗi ya fara gano ɓarnar, kuma a nan aikin ya yi tauri.

Lambobi ne matsalar. A irin wannan labari ba a fasa ƙofa, ba a harbi, satar a cikin lissafi take. Mai karatu da ido in ya ga dala 4,750,000 zai dakata, ya koma shafin baya ya gwada ta da wadda ya gani ɗazu. Mai sauraro kuwa yana tuƙi ne ko yana wani aiki, lamba in ta wuce ta wuce ke nan. Akwai sakin layi guda mai lambobi biyar a jere. Na bar ɗaya tak, na ce "kusan miliyan biyar", sauran na sa su a bakin mai binciken: "Ai wannan ninki uku ne na abin da ya ɓoye bara." Da na sake saurara, sai wurin ya zauna.

Labarin Nick Leeson, wani ma'aikacin bankin Barings na Birtaniya, shi ne ya buɗe mini ido kan wannan. Daga Singafo ya riƙa tura asararsa cikin asusu mai lamba 88888, har bankin Barings ya durƙushe a 1995 da asarar fam miliyan 827. Amma abin da kunne ke riƙewa shi ne an sayar wa ING, wani kamfanin hada-hadar kuɗi na ƙasar Holan, bankin kan fam ɗaya. Bankin da ya haura shekara 200, fam ɗaya! Irin wannan lambar nake nema a kowane babi, wadda mutum zai ji sau ɗaya ta zauna masa.

Sai kuma satar da aka yi wa babban bankin Bangladesh a Fabrairun 2016, inda dala miliyan 81 suka sulale zuwa Filifin ta hanyar saƙonnin bogi a SWIFT, tsarin da bankuna ke aika wa juna umarnin tura kuɗi. Abin da ma'aikata suka fara tararwa shi ne firintar da ke fitar da takardun tura kuɗi ta daina aiki. A takarda wannan ƙaramin bayani ne, a kunne kuwa dukiya ce. Na sa makamancinsa a babina, na rage gudun karatu, na bar ɗan shiru kafin ma'aikaciyar ta ce, "Yallaɓai, tun safe ba ta fitar da komai ba."

Muryar ɓarawon na daina kausasa ta. Bernie Madoff, wani Ba'amurke mai juya kuɗin masu zuba jari, ya shafe shekaru yana yaudarar mutane masu wayo, kafin a kama shi a Disambar 2008, kuma da natsuwa da mutunci ya yi. Nawa ɓarawon yanzu shi ne ya fi kowa taushin murya a littafin.

Ta fannin na'ura, da manhajar Audacity nake aiki, ina bin ma'aunin ACX, dandalin da ke karɓar littattafan murya na kamfanin Audible: ƙarfin sauti tsakanin -23 da -18 dB (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), ƙololuwa kada ta haura -3, hayaniyar ɗaki ƙasa da -60. Na ƙarshen ne ke ba ni aiki, musamman da yake shirun da nake bari yana tona duk wani ƙugin da ke ɗakin.

Abin da ke gabana shi ne babin saƙonnin imel tsakanin ɓarawon da shugabansa. Karanta "daga wane, zuwa ga wane, ranar kaza" sau goma zai gundiri mai sauraro, don haka zan gwada faɗin sunan mai saƙon kawai, in bar sauyin murya ya ɗauki sauran.