Lahadin da yara huɗu suka zo

Lahadi, da dare.

Yara huɗu kaɗai suka zo makarantar Lahadi yau. Kujeru ashirin na jera, na yi ta leƙen ƙofa har kusan rabin awa, sannan na haƙura na fara. Abin dariyar shi ne, darasin da na kwana ina shiryawa a kan yadda Mulkin Allah yake girma ne. Bakina yana ba su misalin ƙwayar mastad, idona kuwa yana ƙirga kujerun da babu kowa.

Ana cikin haka wata 'yar shekara tara ta ɗaga hannu. "Malama, in dai mulki ne, ina sojojinsa?" Na ce mata sai mako mai zuwa. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san me wannan amsa take nufi.

Da na dawo gida na kasa kwanciya, sai na buɗe Luka 13. A Matiyu 13 na saba karanta misalin, inda yake tsakiyar wasu misalai, shi ya sa ban taɓa lura da abin da ya gabace shi a Luka ba. Wata mace ce da ta shekara 18 a tanƙware, Yesu ya warkar da ita ran Asabar, ranar hutun Yahudawa, shugaban majami'a ya husata yana cewa ai akwai kwana shida na aiki. Ƙurar wannan gardama ba ta kwanta ba Yesu ya tambaya da me za a kwatanta Mulkin Allah. Wato abin da ke gaban idonsu a lokacin mace ɗaya ce da bayanta ya miƙe. Na daɗe zaune a kan wannan.

Sai maganar itacen, don a misalin ƙaramar ƙwayar nan ta yi girma ta zama itace, har tsuntsaye suka sauka a rassansa. Masu sauraron Yesu sun san Ezekiyel 17, inda Allah ya dasa babban itacen nan al'ul a kan dutse mai tsawo, tsuntsaye iri iri suka fake a rassansa. Sun san mafarkin Nebukadnezzar a Daniyel 4, itacen da ya kai sama ana hango shi daga ko'ina, wanda sarkin Babila ne da kansa. Mutanen da ke ƙarƙashin Romawa, da suka ji an ambaci rassa da tsuntsaye, al'ul suke jira. Sai ya miƙa musu mastad, shukar lambu da iyakarta mita biyu ko uku, kuma ba ta wuce shekara. A ganina akwai ɗan zolaya a ciki. Ashe tambayar yarinyar nan ta girme ta da shekara dubu biyu.

Misalin da ke biye da shi, na matar da ta sa yisti a gari har duk ya kumbura, ya fi kama ni. Mudu uku ake karantawa, amma ma'aunin nasu babba ne, garin ya haura kilo 20, abin da zai ciyar da mutum ɗari. Gwargwadon da Ibrahim ya ce Saratu ta cuɗa wa baƙinsa ke nan a Farawa 18:6. A Helenanci kuma cewa aka yi matar ta ɓoye yistin a cikin garin. Ɓoyewa fa! Ga shi yisti ba shi da suna mai kyau a Littafi Mai Tsarki: ana fitar da shi daga gida lokacin Idin Ƙetarewa, Bulus ma ya yi gargaɗi da shi a 1 Korintiyawa 5. Da shi Yesu ya ga damar kwatanta Mulkin.

To amma ba na so in mai da wannan abin rufe lalacina, don na san halina. Ƙirga ba zunubi ba ne. Luka ɗin nan shi ya rubuta a Ayyukan Manzanni cewa masu bi wajen 120 ne da fari, ran Fentikos aka ƙara musu kimanin 3,000. Manomin Markus 4 kuma, wanda yake barci yana tashi iri na tsiro bai san ta yaya ba, sai da ya yafa irin kafin ya kwanta. Ni barcin na fi ƙwarewa a kai. Akwai yara uku 'yan gida ɗaya da mako uku ke nan ban gan su ba, ko sau ɗaya ban taka na gaishe da mahaifiyarsu ba, ina nan ina jin haushin kujeru.

Na rubuta sunayensu a bayan littafin darasi, ran Laraba da yamma zan je. Amsar yarinyar ma na fara rubutawa, na soke sau biyu, don duk abin da na sa ya fi ƙarfin 'yar shekara tara. Wataƙila in kai musu gari da yisti mu cuɗa tun farkon darasi, mu rufe, mu buɗe in za a tashi. Sai dai ban tabbata awa ɗaya za ta isa ya kumbura ba. Gobe zan gwada in gani.