Na je Jos neman kyamarar fim

Ƙarfe bakwai na safe motarmu ta bar Abuja, muka sha cunkoson Nyanya da Mararaba kamar kullum, sai da muka wuce Keffi hanya ta buɗe. Kyamara ce ta kai ni Jos, irin ta da ɗin nan mai cin fim, na fi wata shida ina tara mata kuɗi amma duk wadda na gani a Instagram sai in ga an ɗora mata farashin da ya fi ƙarfina. Wani abokin aikina ɗan Anguwan Rogo a Jos ne ya ce in je wajen kawunsa, tsohon mai hoto ne, ya rufe situdiyo tun da waya ta kashe musu kasuwa amma kayan suna nan a kabad.

Bayan Akwanga na ɗan yi gyangyaɗi, sanyin Hawan Kibo ne ya tashe ni, kunne ya toshe, wata tirela na ta nishi a gabanmu, can sai ga duwatsun Riyom sun hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Wallahi a nan na ji zafin rashin kyamara a hannuna.

Washegari da hantsi Baba, wato kawun nasa, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya fito da guda uku, Canon AE-1, Pentax K1000, da wata Zenit ta Rasha mai nauyin tsiya. Hannuna ya tafi kan Canon, ita na daɗe ina mafarki. Ya ce "ɗana dakata tukuna." Ya cire mata batir ya ce in danna, na danna shiru. Ita in babu batir ɗinta mai bolt 6 ba ta motsi ko kaɗan, kuma ba a kowane shago ake samunsa ba. Pentax kuwa shekara ɗaya suka fito, 1976, aka yi ta ƙera ta har 1997, cikinta duk ƙarfe ne da sifirin, ɗan batir ɗin LR44 irin na kalkuleta da ake sa mata mitar haske kawai yake kunnawa. Ya ce "kana ƙauye wajen biki batir ya mutu, wannan ba ruwanta."

Sai ya koya min dubawa, kuma a nan na fi daɗewa. Ya buɗe bayan Pentax ɗin ya ɗaga ta saitin ƙofa, muka danna kowane gudu, wato tsawon lokacin da take buɗe wa haske, tun daga sakan 1 har 1/1000 muna kallon labulen ciki muna sauraro, in ya maƙale a ƙananan lambobi to tana son gyara. Ya haska tocila cikin lensi, babban mai zuƙowa da na so in haɗa da shi sai ga fumfuna a ciki kamar saƙar gizo, da kansa ya ture shi gefe ya miƙo min ƙaramin 50mm f/2, tas da shi. Soson bakin murfin bayan kyamarar kam ya narke yana manne wa yatsa kamar kwalta, ta nan haske ke satar shiga ya yi wa hoto jan zane, amma gyaransa ba tsada, nan take ya kankare ya liƙa sabo. Ya leƙa gidan batir ko ya yi kore, bai yi ba.

Gaskiya ni yanzu ra'ayina, mai ƙaramin ƙarfi kada ya zuba kuɗinsa a jikin kyamara. Akwati ce kawai, lensi da fim su ke yin hoton, kuma fim ɗin shi ne mai cin kuɗi kullum, naɗi ɗaya hoto 36 ne, ga kuɗin wanki ga na sikanin. Bayan na biya kuɗin Pentax ɗin, ragowar abin da na tara ya isa Kodak ColorPlus 200 guda uku da Fomapan na baƙi da fari ɗaya. Baba ya ƙara min tsofaffi biyu kyauta, ya ce wa'adinsu ya wuce kuma sun sha zafi, in yi koyo da su amma kada in kai su ɗaurin aure.

Da yamma na shiga Farin Gada, kwandunan tumatir, kabeji, karas, dankalin turawa buhu-buhu. Na bi ƙa'idarsa, rana tsaye ka tsuke ƙofar hasken lensi zuwa f/16, gudun kuma kusa da lambar fim, wato 200 ka sa 1/250, in hazo ya rufe ka sauko f/11 ko f/8. Ya kuma ja min kunne in dinga kallon ɗan hannun naɗewa na hagu duk sanda na ja fim, in bai juya ba fim bai kama ba, iska kake ɗauka. Wata mama mai kabeji na roƙa in ɗauke ta, ta gyara ɗankwali na danna, ta ce "to nuna min." Na ce mama sai an wanke, ta tafa hannu ta ce rabonta da jin wannan maganar tun tana amarya, ta sa na yi alƙawarin kawo mata.

Hotuna bakwai na ƙarshe a bakin tafkin Rayfield na ƙarar da su, ramin da haƙar kuza ya bari ruwa ya cika shi, ana dab da magariba na buɗe lensin har f/2.8 na jingina gwiwar hannu a kan dutse saboda sanyi na sa hannuna rawa. Na naɗe fim ɗin na sa a robarsa, na rubuta Jos 1 a jiki, ranar Litinin zan aika shi Legas wajen mai wanki.