Rama tana gonarmu, takarda kuwa sai daga ƙetare

Assalamu alaikum 'yan'uwana mutanen Jos, na Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo, har zuwa Bukuru.

Daga Alƙahira nake rubuto muku, kuma wayar da muka yi da ƙanena a makon jiya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shi ya gaji ƙaramar maɗaba'ar mahaifinmu, inda ake buga katin biki da rasit da takardun jarrabawar Islamiyyu. Ya ce da ni, "Yaya, yanzu ba na iya yanka wa mutum kuɗin aiki sai na bugo wa mai takarda waya, domin farashin safe daban, na yamma daban." Tun da aka saki naira a kasuwa a 2023, duk rim ɗin takardar da zai ɗora a inji dala ce ke yanke masa hukunci, saboda takardar jirgin ruwa ne ya kawo ta.

Abin ya tsaya min a rai, don ba haka aka tsara mana ba. Gwamnatin Tarayya ta gina manyan masana'antun takarda guda uku. Ta Jebba, a jihar Kwara ta yanzu, ta fara aiki a 1969, tana yin takarda mai kauri irin ta kwali. Ta Oku Iboku a Akwa Ibom takardar jarida take yi. Ta Iwopin a jihar Ogun ita aka yi domin farar takardar rubutu da ɗab'i, amma ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta yadda aka so ba. An dasa dazuzzukan malaina domin ciyar da su, sai dai zaren itacen malaina gajere ne, dole a gauraya shi da dogon zare kafin takarda ta yi ƙwari, shi kuwa dogon daga waje ake sayo shi, haka ma kayan gyaran inji da sinadarai. Da kuɗin waje ya yi wuya, injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1990. An sayar da su ga 'yan kasuwa daga baya, amma har yau littafin da ɗanka ke rubutu a ciki, takardarsa baƙuwa ce.

Nan Masar ba su da daji, hamada ce da bakin kogi. Amma a kudancin ƙasar, wajen Ƙina, tukar rake da ta rage bayan an matse sukari ita suke dafawa su yi takardar rubutu. Su ma suna shigo da takarda daga waje, ban ce sun wadata ba. Na dai riƙe littafin da aka yi da abin da mu muke tofarwa a bakin titi, na tuna gonakin rakenmu na Numan da Bacita, raina ya ɓaci.

Mu kuma Allah ya ba mu rama. Wannan ramar da iyayenmu mata ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, wadda ake sale ɓawonta a tufka igiya, ɓawon nan dogon zare ne, irin wanda Jebba da Oku Iboku suka rasa. Cikin damina guda take isa yanka, ba sai an jira shekaru kamar itace ba, kuma babu manomin Arewa da za a koya wa shukarta.

Jos ba baƙuwar wannan harka ba ce. Kamfanin Nasco da buhun algarara ya fara a garin nan a 1963, daga baya ya shiga yin kwali. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya tana nan cikin gari. Kasuwa kuwa ba sai an nema ba. Ku shiga Farin Gada da sassafe ku ga yadda ake jibga kwandunan tumatir, wani kan wani, kafin mota ta kai Legas na ƙasa ya zama ruwa; ga inda kwali zai yi aiki. Masu kiwon kaji kullum neman kiret ɗin ƙwai suke, shi kuwa da tsohuwar takarda ake yin sa, irin wadda 'yan jari-bola ke tsinta a Taminus.

Don haka nake roƙon attajiranmu, masu zuba kuɗi a filaye da gidajen mai, su dubi nan. Ba na cewa a gina wata Iwopin. Ƙaramin inji da zai narka tsohon kwali, a ƙara masa zaren rama, ya isa farawa, in dai an tanadi wuta da ruwa, don takarda akwai shan ruwa. Malaman jami'armu kuma su fito da gwaje-gwajensu daga cikin durowa su kai wa masu kuɗin.

Ni dai na ce wa ƙanena ya samo min ɗaurin busasshen ɓawon rama, ya ba wani ɗalibi da zai dawo karatu bayan Sallah. Akwai wani Bamisire abokina mai aiki a ɗakin gwajin takarda, ya yi alkawarin zai dafa shi mu ga irin takardar da za ta fito. Abin da muka gani zan rubuto muku, in Allah ya yarda.

Ku gaida gida.

Naku,
Ɗan Jos a Alƙahira